Kibiya Ta Yi Yaƙi, Takobi Ya Sha Kirari

A tarukan horar da manajoji, da shagunan littattafai na filayen jirgin sama, da gajerun bidiyoyin da ke yawo a waya, akwai wani labari game da ƙasar Japan da ake ta maimaitawa har ya zauna a zukata kamar karatun allo. Labarin yana cewa takobin da ake kira katana shi ne ruhin mayaƙin samurai. Maƙeri yakan naɗe ƙarfensa sau dubu har ya iya datse bakin bindiga. Samurai ya ƙyamaci bindiga saboda makamin matsorata ce. Kuma ya rayu bisa wata tsohuwar ƙa'ida mai suna bushido, wadda ta ɗora masa biyayya ga ubangidansa har mutuwa. Mai horarwa yakan rufe jawabinsa da kira ga ma'aikata su zama samurai ga kamfaninsu, a tafa masa, a tashi shan shayi.

Labarin yana da daɗin ji, amma mafi yawansa ba gaskiya ba ne. Da a ce tatsuniya ce kawai ta nishaɗi, da sai a ƙyale masu ita su ci kasuwarsu. Abin da ya hana a ƙyale shi ne an san lokacin da aka ƙera ta, an san waɗanda suka ƙera ta, kuma an san wuyan da aka sare da ita.

Hujja ta farko tana cikin takardun samurai su kansu. A ƙarni na 14, mayaƙin da ke neman lada daga ubangidansa bayan an tashi daga fagen fama sai ya rubuta takardar da ke bayyana abin da ya yi, ya lissafa raunukan da shi da mutanensa suka samu, da irin makamin da ya yi kowane rauni, a kawo shaidu, jami'i ya duba ya sa hannu. Da yawa daga cikin waɗannan takardu suna nan har yau. Masana tarihi irin su Thomas Conlan da Suzuki Masaya sun zauna sun ƙidaya su, suka tarar cewa fiye da kashi biyu cikin uku na raunukan da aka rubuta a wancan ƙarni kibiya ce ta yi su. A ƙarni na 16 kuwa, harsashi da kibiya da mashi, har da duwatsun da ake jefowa daga kan ganuwa, su ne suka cinye lissafin, takobi yana can ƙasa. Ana iya cewa takardun sun fi ba da labarin waɗanda suka rayu da rauni fiye da waɗanda suka mutu nan take, kuma wannan suka ce mai ma'ana. Sai dai tazarar ta yi faɗin da wannan gyara ba zai cike ta ba.

Su ma mayaƙan farko ba su kira sana'arsu da sunan takobi ba. Sun kira ta hanyar doki da baka. Bakansu ya haura mita biyu, ana haɗa shi da gora da itace, kuma ana riƙe shi ƙasa da tsakiya, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindi, abin da ke sauƙaƙa wa mahayi juya shi a kan doki. Manyan faifan da ke rataye a kafaɗun sulkensu garkuwa ce daga kibiya, domin mai hannu biyu a kan baka ba shi da hannun riƙe garkuwa. Lokacin da Mongolawa suka kawo hari a 1274 da 1281, wani samurai mai suna Takezaki Suenaga ya sa aka zana masa yadda ya yi yaƙin a doguwar takarda. A zanen da ya biya da kuɗinsa don a tuna da jarumtarsa, baka ne a hannunsa, jini na zuba daga dokinsa.

Da yaƙe-yaƙe suka yawaita daga ƙarshen ƙarni na 15, sai rundunoni suka kumbura da dakaru 'ya'yan manoma, aka damƙa musu dogayen masu, wasu sun kai mita biyar ko fiye, suna tafiya sahu-sahu. Mai takobi, komai gwanintarsa, kafin ya isa inda zai kai sara tsini goma sun riga sun same shi. Takobi yana nan a ƙugu, ana zare shi idan mashi ya karye, ko an cakuɗe jiki da jiki, ko kuma idan za a yanke kan wanda aka riga aka kayar domin a kai wa ubangida shaida. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Batun ƙyamar bindiga kuwa shi ne ya fi kowanne rashin tushe. A 1543 wasu Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima ɗauke da bindigogi masu lagwani. Sarkin tsibirin ya saya, ya umarci maƙerin takubbansa ya kwaikwayi ƙirar. Cikin 'yan shekaru garuruwan Sakai da Kunitomo sun zama cibiyoyin ƙera bindiga, kuma maƙeran takubba na cikin waɗanda suka koma wannan sana'a ba tare da wani ya zarge su da cin amanar ruhin kowa ba. A yaƙin Nagashino na 1575, Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu sun jera 'yan bindiga aƙalla dubu a bayan shinge, suka ragargaza rundunar gidan Takeda. Da Japan ta mamaye Koriya daga 1592 zuwa 1598, bindiga ce ta ba ta galaba a kan tudu a farkon yaƙin. Ko Miyamoto Musashi, wanda ake sayar da littafinsa na dabarun takobi ga 'yan kasuwa a yau, ya amince a cikin littafin cewa bindiga ba ta da na biyu idan ana harbi daga cikin ganuwa. Ya san abin da yake faɗa game da ganuwa: a 1638, wajen murƙushe tawayen Shimabara, dutsen da masu kare ganuwa suka jefo ne ya same shi a ƙwauri har ya kasa tsayuwa, kamar yadda ya rubuta a wasiƙarsa.

Biyayya har mutuwa ma haka take. Nobunaga bai mutu a hannun abokin gaba ba, babban kwamandansa Akechi Mitsuhide ne ya juya masa baya a 1582. Yaƙin Sekigahara na 1600, wanda ya bai wa gidan Tokugawa mulkin ƙasar na fiye da shekara 250, ya karkata ne lokacin da Kobayakawa Hideaki ya sauya sheƙa ana tsakiyar fafatawa. Waɗannan mutane sun miƙa wuya, sun ƙulla yarjejeniya sun warware, sun ba da 'ya'yansu garkuwa, sun ci amana idan ta kama. 'Yan siyasa ne masu makami, kuma sun fi damuwa da gonakin shinkafar da za su bar wa magadansu fiye da kyakkyawar mutuwa.

Ba za a musa kyan takobin ba, kuma gaskiyar yadda ake ƙera shi ta fi tatsuniyar ban sha'awa. Japan ba ta da wadatar ma'adinin ƙarfe mai kyau, don haka daga baƙin yashi ake narko shi a murhun yumɓu mai suna tatara. A wanda ake hurawa yanzu a lardin Shimane, wanda aka farfaɗo da shi a 1977, ana kwana uku ana zuba yashi kimanin tan 10 da gawayi kimanin tan 12, sannan a fasa murhun a ciro dunƙulen ƙarfe na wajen tan biyu da rabi. Mafi kyawun ɓangarensa ake kira tamahagane (sautin ya zo daidai da tamar maƙeran Hausa, amma dace ne kawai, kalmar tasu tana nufin dutse mai daraja). Dunƙulen yakan fito da datti a ciki, wani gefe ya yi tauri, wani ya yi laushi. Naɗewa da bugu magani ne na wannan aibi: ana fitar da dattin, ana daidaita ƙarfen. Sau goma zuwa goma sha biyar ake naɗewa, kuma da yake kowane naɗi yana ninka abin da ya gabata, naɗi 15 yana ba da shimfiɗa 32,768. Daga nan maganar dubbai ta samo asali, aka rikita yawan shimfiɗa da yawan naɗi. Sannan maƙeri ya shafa yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a kaifi, ya zafafa ya tsoma a ruwa. Kaifin ya yi tauri ƙwarai, bayan ya kasance da sauƙi, kuma wannan tsomawa na cikin abin da ke lanƙwasa takobin. Sakamakon shi ne makami mai yanka nama da kyau, wanda kaifinsa ke ɓarewa idan ya haɗu da kwalkwali, kuma yake tanƙwarewa idan saran ya karkace. Hikima ce ta mai ƙaramin jari da ya fitar da abu mai kyau daga kaya marasa kyau. Ƙarfen da ake yi wa mota sifirin a masana'antar zamani ya fi shi tsabta.

To, yaya aka yi makamin ƙugu ya haye kan baka da mashi da bindiga? Masu kare tatsuniyar za su nuna cewa takobi yana da alfarma tun da daɗewa, yana cikin kayan sarauta uku na sarkin Japan, kuma an daɗe ana kai shi hadaya wuraren bauta. Haka ne. Amma zamansa alamar samurai a kan sauran jama'a aikin doka ne. A 1588 Toyotomi Hideyoshi ya ba da umarnin ƙwace makamai daga hannun manoma, ya kuma gaya musu cewa za a narkar da ƙarfen a yi ƙusoshin ginin wani katafaren gunkin Buddha a Kyoto, don haka za su samu lada duniya da lahira. Manufar ita ce manomi ya tsaya a gona ya biya haraji. Ba a kwashe makaman ƙauyuka kaf ba, bindigogin farauta ma sun ci gaba da zama a hannun manoma. Abin da aka raba su da shi a hankali shi ne ikon rataya takubba biyu, dogo da gajere, a bainar jama'a. Wannan ya zama na samurai kaɗai, kamar yadda wasu kayan ado ke zama na 'yan sarauta.

Bayan faɗuwar Osaka a 1615 da tawayen Shimabara, ƙasar ta shiga zaman lafiya na fiye da ƙarni biyu. Samurai suka zama magatakarda da masu karɓar haraji da 'yan gadi, suna cin albashin shinkafa, da yawansu bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu. Mutumin da ake ciyarwa da sunan mayaƙi alhali babu yaƙi yana bukatar abin da zai nuna, kuma takobi ne kaɗai makamin da ake shiga ofis da shi. A wannan zamani makarantun koyon takobi suka yawaita zuwa ɗaruruwa, aka cusa musu falsafa, aka ƙirƙiro takobin gora da kayan kariya a ƙarni na 18 don a riƙa gwabzawa ba tare da an kashe juna ba. A wannan zamani kuma aka rubuta Hagakure, littafin da ake yawan jawowa kan son mutuwa. Mai shi, Yamamoto Tsunetomo, an haife shi a 1659, magatakarda ne a lardin Saga, bai taɓa ganin fagen fama ba. Da ubangidansa ya rasu a 1700 ya so ya bi shi, doka ta hana, sai ya koma zaman kaɗaici ya yi ta kukan lalacewar matasa har ya mutu a kan shimfiɗarsa a 1719. Littafin bai bazu a ƙasar ba sai a ƙarni na 20.

Jinin da takobi ya sha a waɗannan shekaru na zaman lafiya ba na mayaƙa ba ne. Doka ta ba samurai damar sare talakan da ya yi masa rashin kunya, ko da yake sai ya kawo shaidu kuma abin bai yawaita ba. Ana gwada kaifin sababbin takubba a kan gawarwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, ana jibga su biyu ko uku a sare, a rubuta sakamakon da ruwan zinariya a gindin ƙarfen da ke shiga ƙota. Gidan Yamada Asaemon, haunin birnin Edo, sun gaji wannan aiki kaka da kakanni. Masu bidiyon ruhin samurai ba su cika zuwa nan ba.

Gwamnatin Meiji ta hana rataya takobi a 1876. Shekara guda bayan haka Saigo Takamori ya jagoranci tawayen samurai na Satsuma, wanda fim ɗin Amurka na 2003, The Last Samurai, ya mayar da shi faɗan takobi da bindiga. 'Yan tawayen na gaskiya da bindigogi da igwa suka fita, kuma ƙarancin harsashi ne ya tilasta musu dogara da takobi. Bayan wannan, kalmar bushido da kanta ba ta da wani tashe sai a shekarun 1890. Littafin da ya kai ta duniya, na Nitobe Inazo, ya fito wajen 1900, da Turanci aka rubuta shi, a Amurka aka buga shi, marubucinsa Kirista ne da ke son nuna wa Turawa cewa Japan ma tana da irin ɗabi'un baradensu na da, kuma ba a fassara shi zuwa Japananci ba sai 1908. Tun a 1912 Basil Hall Chamberlain, Baturen da ya koyar a Jami'ar Tokyo, ya rubuta cewa sabon abu ne ake sayarwa da sunan tsoho.

Sojoji ne suka ga amfanin kayan. An kafa ƙungiyar Dai Nippon Butokukai a Kyoto a 1895 don tattara fasahohin faɗa a inuwa ɗaya. A 1931 aka wajabta kendo ko judo ga yara maza a makarantun sakandare. Hafsoshin soja, waɗanda tun zamanin Meiji takobi irin na Turai suke ratayawa, an sauya musu a 1934 da mai kamar na samurai na da, kuma a shekarar da ta biyo aka fara fitar da na ƙananan hafsoshi daga masana'anta, inji ke buga su, kowanne da lambarsa. Ɗan manomin da kakansa ba shi da ikon rataya takobi aka gaya masa cewa shi magajin samurai ne. A 1941 aka raba wa sojoji ƙa'idar fagen fama mai ɗauke da sa hannun Tojo Hideki, wadda ta mayar da faɗawa hannun abokan gaba da rai abin kunya, abin da jagororin Sekigahara za su yi wa dariya. Wanda aka koya wa cewa miƙa wuya ƙasƙanci ne ba zai ga mutunci a fursunan da ya miƙa masa wuya ba.

A ƙarshen 1937, ana kan hanyar Nanjing ta ƙasar Sin, jaridar Tokyo Nichi Nichi ta riƙa kawo labarin wasu ƙananan hafsoshi biyu, Mukai Toshiaki da Noda Tsuyoshi, da ke gasar wanda zai riga sare mutum ɗari da takobi. Ta buga hotonsu suna dogare da takubbansu, ta ba da sakamako kamar na wasan ƙwallo, 106 da 105, ta ce an ƙara wa'adi zuwa 150. Masana da dama na ganin jaridar ta zuba gishiri, kuma waɗanda aka sare ɗin akasari fursunoni ne marasa makami, domin babu mai sare mutum ɗari a fagen da ake ruwan harsashi. An harbe su biyun a Nanjing a Janairun 1948, kuma a 2005 wata kotu a Tokyo ta kori ƙarar ɓata suna da iyalansu suka shigar. Ko da kowace lamba a labarin ƙirƙira ce, ya rage cewa babbar jarida ta ga abin alfahari ne, masu karatu kuma suka saya. Hoton da aka ɗauka a Niyu Gini a 1943, na sojan Ostareliya Leonard Siffleet a durƙushe an ɗaure masa ido, jami'i ya ɗaga takobi a kansa, ba ya bukatar gishirin kowa.

Wannan runduna ce dubban sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka fuskanta a dazuzzukan Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, daga 1943 zuwa 1945, a runduna ta 81 da ta 82. Sunan barikin Chindit da ke Zariya daga can ya samo asali. Jikan tsohon sojan Bama da ke zaune a ɗakin taro yana tafa wa ruhin samurai yana da haƙƙin a gaya masa cewa akidar da ake yaba masa ita ce wadda aka cusa wa mutanen da kakansa ya yi artabu da su. Ita ce kuma ta sa a 1945 aka jera mata da 'yan mata 'yan makaranta a filaye, aka ba su gorar da aka fiƙe, ana koya musu yadda za su soki sojojin Amurka idan sun sauka.

Masu wasan kendo na yau ba su da laifi a wannan. Bayan 1945 mahukuntan mamaya sun ƙwace takubba masu ɗimbin yawa, an rushe Butokukai a 1946, an hana koyar da kendo, kuma da aka kafa sabuwar hukumarsa a 1952 sai ya dawo a matsayin wasa da tarbiyya. Wanda ya shafe shekara arba'in yana shiga zauren horo da asuba, yana neman mataki na takwas da kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ke ci a jarrabawarsa, ya cancanci girmamawa, kuma mafi yawansu sun san sarai cewa sandar gora ce a hannunsu. Tsofaffin makarantu irin su Katori Shinto-ryu, wadda ta faro tun ƙarni na 15, su ma shaida ce a kan tatsuniyar, domin manhajarsu ta ƙunshi mashi da sanda da naginata, wato doguwar ƙota mai ruwan takobi a kai, har da dabarun gina ganuwa. Dokar Japan ta yau tana yi wa takobin da aka ƙera ta hanyar gargajiya rajista a matsayin kayan fasaha, maƙeri sai ya yi shekara biyar yana koyo kafin a ba shi lasisi, kuma ba ta amince da wanda inji ya buga wa sojoji a wannan matsayi ba. Rigimar tana tare da mai sayar da tsantsar biyayya ga ma'aikata da sunan tarihi, wanda bai taɓa ambata musu abin da ubangida ke bai wa samurai a madadin biyayyar ba: gona, da albashin da ɗa ke gada, da sanin cewa idan ya tauye su za su koma wajen maƙwabcinsa.

Mai son ganin abin da samurai na farko suka ɗauka sana'arsu ce, ya je wurin bauta na Tsurugaoka Hachimangu a Kamakura ranar 16 ga Satumba, inda ake bikin yabusame da Minamoto no Yoritomo ya fara a can a 1187. Mahayi yakan sako doki a guje a kan hanya mai tsawon kimanin mita 250, ya saki linzami, ya riƙe dokin da gwiwoyi, ya zaro kibiya ya harbi allunan katako uku ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ƙarshe. Yana rataye da takobi a ƙugu, cikin kubensa, daga farkon sukuwar har ƙarshenta.